Makarantar da Ake Ji Tun Daga Titi

Ni dai na gaji da wannan gangaren. Tun ina hawansa da tulu a ka ba haki nake zaune a gindinsa ina suyar ƙosai, yanzu kuwa gwiwoyina sai na lallashe su kafin su kai ni gida. Ladeira da Praça mutanen gari suke kiransa. Mu 'yan Hausawan da muka rage a birnin Bahiya, nan ƙetaren teku, ba ma wahalar da bakinmu, Gangare muke cewa kowa ya gane. Sunana Altine. Akwai wani sunan da fadan coci ya liƙa mini ranar da ya zuba mini ruwa a ka, amma ko an kira shi ba na waiwayawa.

Labarin Idirisu da ɗansa Isma'ila zan ba ku. Ku yi haƙuri in raina ya ɓaci a tsakiya, don har yau abin yana tsaye mini a wuya.

Jirgin bayi ɗaya ya kawo mu da Idirisu, ina 'yar yarinya yana saurayi. Wanda kuka sha cikin jirgin nan tare ɗan'uwanka ne, babu wata magana, shi ya sa nake ce masa Yaya, ɗansa kuma yake ce mini Gwaggo. An fara kai shi Itapuwa wurin masu kamun kifi, daga baya aka dawo da shi birni yana ɗaukar kujera. Kujerar nan akwati ce mai labule, doguwar sanda ta ratsa samanta, ƙarti biyu su saɓa, Bature ya kishingiɗa a ciki ya hau Gangare ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Da kafaɗarsa ya fanshi kansa, da ita ya fanshi Lantana ya aura, ta haifa masa ɗa ɗaya ta rasu. Kafaɗar ta yi kanta har ta tashi kamar tozon sa. Burinsa a duniya ɗaya ne, kowa a Gangare ya haddace shi: babu abin da zai hau kafaɗar yaron nan, da alƙalami zai ci abinci.

“Yaron nan” yake cewa, don ɗan fari ne. Teku guda muka ƙetare amma Yaya bai yar da kunyar ɗan fari a hanya ba. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi su yi hira, in zai ba shi abu ni yake miƙo wa. Ni na goya Isma'ila bayan rasuwar uwarsa, don haka duk maganar da ke tsakanin uba da ɗa ta kan tabarmata take bi.

Isma'ila yana da kai, wannan ba son zuciya ba ne. A ƙaramar makaranta shi ne kan gaba. Tare suka yi da Ɗanladi, ɗan maƙwabciyata Uwani mai wanki. Ɗanladi yaron kirki ne, amma sai an faɗa masa abu sau uku yake kamawa, sau da yawa a gefen kaskona Isma'ila ke sake koya masa abin da aka yi da safe. Da suka gama, malaminsu ya ce kada a bar yaran su tsaya nan. Ya ce akwai manyan makarantu biyu na kuɗi da ba sa korar baƙin yaro in ɗa ne ba bawa ba, kuɗinsu kusan ɗaya, a je a duba. A can ake shirya yara su zauna jarrabawar gwamnati, wanda ya ci ƙofar aiki ta buɗe masa.

Muka yi wanka muka sa kayan fita, ni da Yaya da Uwani, muka tafi dubawa.

Ta farko bene ce a saman gari, tagoginta suna kallon teku. Muka hau matakala babu wanda ya ji ko tari. Mai gadi ya tura mana ƙofa muka leƙa. Yara ba su da yawa, kowa da teburinsa, kowa ya sunkuya yana rubutu. Malami yana bi tsakaninsu, ya tsaya a kan wannan ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya wuce na gaba. Ƙarar alƙalami a kan takarda kaɗai ake ji.

Yaya ya ja da baya ya raɗa mini, “Altine, mutuwa aka yi a gidan nan?”

Na ce, “Karatu suke, Yaya.”

“Wane irin karatu? Ina muryar?”

Bai jira ƙarin bayani ba ya sauko. Tun daga ranar muke kiran wurin Gidan Shiru.

Ta biyu ba mu ma tambayi hanya ba, kunne ne ya kai mu. Tun daga kwanar titi muka jiyo ta, wani amo yana tashi yana sauka kamar na masussuka. Tsohon ɗakin ajiyar taba ne, tagoginsa can sama kusa da rufi, ƙanana, da sandunan ƙarfe. Yara na ciki suna rera karatu da dukkan ƙarfinsu, har bangon kamar yana amsawa. Yaya ya tsaya cik a tsakiyar hanya. Na ga kansa ya fara lilo gaba da baya. Na duba fuskarsa, wallahi hawaye ne ke bin gemunsa, ƙaton mutum, da rana tsaka.

Dole in faɗa muku dalili, kada ku ce wawa ne, don ba wawa ba ne. A garinsu can ƙasar Zazzau ya kusa sauke Alƙur'ani aka kama shi. A wurinsa makaranta abu ce da ake ji tun daga bayan gari, in ka ji shiru to malam ya mutu ko an watse. Sannan ya zo nan ya ga abin da ya biyo bayan tawayen Musulmi, wanda aka fara a wani gida nan Gangare. Bayan an murƙushe shi sai aka bi gida gida, duk wanda aka samu da allo ko 'yar takarda mai rubutunmu ya sha bulala, wasu aka kore su daga ƙasar. Yaya ya binne allonsa a yashin Itapuwa. Tun daga lokacin karatu ya koma raɗa a bayan ƙofa, mutum na motsa leɓe yana sauraron takun 'yan doka. Shiru a kunnen Yaya tsoro ne. Sai ga shi bayan shekaru masu yawa ya ji yara suna buɗe maƙogwaro a fili, babu mai hana su.

Ya share fuska ya ce, “Nan ne.”

Na ce, “Haba Yaya, ko leƙawa ba za mu yi ba?”

“Me za a leƙa? Ba ki da kunne?”

Mai makarantar ya fito bakin ƙofa, wani siririn Bature mai tari, yana magana da mu yana duba agogon aljihunsa. Mai Agogo muka sa masa. Ya ce akwai wuri, a wurinsa kullum akwai wuri. Yaya ya durƙusa ya ce yana da yaro, ya ba shi, ya yi yadda ya ga dama da shi, yadda ake yi a gida.

Uwani kuwa Gidan Shiru ta kai Ɗanladi. Ba don ta fi mu basira ba, ko kaɗan. Ɗanladi yana da ciwon ƙirji, ta ga can akwai iska da rana, nan kuwa bango ya jiƙe. Yaya har tausayinta ya ji, ya ce ta kai yaro inda za a rufe masa baki.

Shekara uku Yaya bai fasa ba. Duk inda aiki ya kai shi sai ya san yadda ya bi ta titin nan. Ya sauke kujera in babu kowa a ciki, ya jingina da bango ƙarƙashin taga, ya lumshe ido yana lilo. Ko kalma ɗaya ba ya ganewa, Latin ne da Faransanci da sunayen garuruwa, oho masa. Abokin ɗaukarsa ya yi mita har ya gaji. Da yamma ya zo wurina ya karɓi ƙosai yana cewa, “Yau yaran nan sun yi karatu, Altine. Sai da ƙasa ta girgiza.”

Yaron nan kuwa yana dawowa da murya a dishe da fuska ba walwala. Da farko ba ya cewa komai. A shekara ta biyu ne, ina tsame ƙosai yana riƙe mini matsami, ya ce, “Gwaggo, malam bai san sunana ba.”

Na ce, “Kai, wane irin zance ne wannan?”

“Wallahi. ‘Kai na baya’ yake cewa, mu kuma na baya muna da yawa.”

Sannan ya kwance mini komai. Ɗaki ɗaya ne, manya da ƙanana a cuɗe, yawansu ya fi na masu zuwa kasuwar kifi da safe. Shi an ajiye shi a benci na ƙarshe bayan ginshiƙi, ba ya ganin allon bango sai ya miƙe, in ya miƙe kuma a dake shi a tafin hannu da wani katako mai huji. Mai Agogo yana shigowa da safe ya faɗi layin farko, ya bar wani babban ɗalibi yana ja musu baki, shi ya tafi koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu. In ruwa ya sauko rufin ya yi yoyo, sai na baya su matsa su tsaya a tsaye.

Ya ce, “Wata rana gwadawa na yi, Gwaggo. Tun safe har tashi leɓe kawai nake motsawa, ban fitar da murya ba. Babu wanda ya sani.”

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, yanzu in sun zauna da Ɗanladi a gefen kasko, Ɗanladi ne ke bayani. Ɗanladi fa! Ya ɗauki gawayi ya zana abu a kan dutse ya ce, “To me ya sa haka?” Isma'ila ya buɗe baki ya zubo shafi guda ba tuntuɓe, Ɗanladi ya ce, “Na ji, amma me ya sa?” Sai Isma'ila ya yi dariya ya ce yunwa yake ji. Ɗanladi ya ce su malaminsu kullum sai ya karɓi rubutun kowa ya gyara da jan alƙalami, kuma kowa sai ya fita gaban taswira ya nuna abu da sanda.

Na tare Yaya da maganar. Na ce a mai da yaro Gidan Shiru.

Ya ce, “Yaron da aka ba malam ba a karɓo shi. A ina kika taɓa jin haka?”

“Malamin da bai san sunansa ba?”

“Ƙorafin yara ne. Ni ma na yi wa malamina ƙorafi. Je ki tsaya a titin ki ji da kunnenki.”

“Yaya, kira shi ka zaunar da shi ka tambaye shi da kanka mana.”

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Ya ce, “Ni in zauna ina hira da shi? Altine, tsufa ne ya fara taɓa ki?”

Na yi magana sau ɗaya, na yi sau biyu, na yi har Uwani ta ce in bari kada zumunci ya lalace. Taurin kan Yaya irin na masu ɗaukar kaya ne, in ya saɓa abu ba ya saukewa sai inda ya nufa.

Ana haka yaƙi da ƙasar Faragwai ya ɓarke. Da farko kiɗa da tutoci ne, samari suna shiga da kansu. Da aka fara dawowa da masu ƙafa ɗaya sai masu shiga suka ƙare, aka koma kamu. Masu kamun soja suna yawo da igiya a kasuwa da bakin rijiya, duk baƙin saurayin da ba shi da ubangida ko sana'a a hannu sun samu nama. Ɗan makarantar da malamansa suka shaida yana ci gaba, shi ne ba sa taɓawa. Isma'ila ya yi tsawo, gashin baki ya fara fito masa. Jarrabawar da muke jira don ya samu aikin alƙalami ta koma ita ce tsakaninsa da bindiga. Kowa ya san haka, har shi, don ya daina cin abinci sosai.

Ranar jarrabawa da safe muka tafi. Da baki ake yi, a gaban malamai uku da ke zaune bayan dogon tebur, ƙofa a buɗe saboda zafi. Iyaye masu takalmi suna ciki a kan kujeru, mu muna tsaye a baranda muna leƙe ta kan kafaɗun mutane. Mai Agogo yana zaune a gefe tare da sauran masu makarantu.

Aka kira Ɗanladi kafin Isma'ila. Ya yi in'ina, ya yi gumi, sau biyu ya ce “ban sani ba” ƙarara. Amma in an tambaye shi sai ya tsaya ya yi tunani ya amsa da bakinsa, in ya kuskure aka nuna masa ya gyara. Malaman suka gyaɗa kai. Uwani ta matse mini hannu har sai da na ce wayyo.

Da aka kira Isma'ila ya fita ya tsaya. Babban malamin, wani tsoho mai farin gashi, ya ce ya faɗi manyan kogunan ƙasar. Isma'ila ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Na ga yana ɗan karkata kai gefe kamar mai jiran wani ya fara. Tsohon ba mugu ba ne, ya lura, ya faɗa masa kalmar farko. Ai kuwa kamar an buɗe madatsa. Yaro ya rufe ido ya fara lilo, ya jero koguna da rassansu da inda kowanne ya faɗa teku, da waƙa da kari, bai tsaya shan iska ba. Yaya ya dafa ni ya ce, “Kin ji karatu ko? Kin ji?”

Tsohon ya ɗaga hannu ya ce madalla. Ya miƙa masa sanda, ya nuna taswirar da ke rataye a bango, ya ce to nuna mana kogin San Faransisko, wanda ya ratsa lardinmu.

Isma'ila ya karɓi sandar ya je gaban taswira. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗora ta a kan shuɗin da ya fi girma, ashe teku ne. Wani yaro ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi.

Suka ba shi lissafi a allo. Ya rera musu dokar lissafin daga farko har ƙarshe, aka ce to yi. Ya riƙe alli har ya karye a hannunsa. Suka buɗe littafin Latin a tsakiya suka ce ya fassara layi ɗaya, ya koma shafin farko ya fara rerawa. Tsohon ya cire tabarau ya murza ido, ya juya wurin masu makarantu ya tambaya ɗalibin wane ne wannan. Suka dubi juna. Mai Agogo ya ƙura wa yaron ido, ya ce, “Ina jin nawa ne.”

Ina jin nawa ne! Shekara uku. Allah ya sani da ba a baranda nake ba da na yi abin da za a ɗaure ni.

Muka kama hanyar gida. Yaya na gaba, yaro na baya, ni a tsakiya kamar kullum. Kwana biyu Yaya bai zo karɓar ƙosai ba. A na uku ya zo ya tsaya yana kallon mai yana tafasa, ya ce, “Ki kai shi can ɗin.” Ko sunan Gidan Shiru bai iya faɗa ba.

Na kai shi. Malamin ya zaunar da Isma'ila ya yi masa tambayoyi, ya daɗe da shi, ya ce yaron yana da kai, a shekara guda zai iya gyara shi. Amma ba ya ɗaukar yara fiye da teburan da yake da su, kuma duk sun cika, sai sabuwar shekara in wasu sun fita. Na roƙa, na ce zai zauna a ƙasa. Ya ce in ya fara haka makarantarsa za ta koma irin wadda muka baro. Na so in ji haushinsa ban samu inda zan kama ba.

Saura wata biyu sabuwar shekara. Isma'ila ya ce in gaya wa Baba zai kama masa ɗaya bakin sandar kujera kafin lokacin, ko ba komai a gan shi da sana'a. Yaya ya ce sai dai bayan ransa. Muka ce ya zauna a ɗaki. Amma wa zai ɗaure saurayi a ɗaki wata biyu? Wata safiya ya fita wai zai tambayi aikin rubutu a wani kanti kusa da dandalin fadar gari. Kafin azahar wata mai sayar da lemo ta zo da gudu ta ce ta gan shi a igiya.

Abu ɗaya ya rage, shaidar malami. Muka nufi wurin Mai Agogo, amo na tashi tun daga kwana yadda ya saba. Wannan karon Yaya bai tsaya ƙarƙashin taga ba, ya tura ƙofa ya shiga, karo na farko a rayuwarsa. Ina bayansa.

Duhu da warin tsohuwar taba da gumi suka tare mu. Yara cunkus har bango. Wani ɗan saurayi a gaba yana riƙe da littafi yana jan baki, sauran suna amsawa, wasu idonsu a rufe, wasu suna mintsinin juna, wani yana cin gyaɗa bakinsa na tafiya da karatun. Ga ginshiƙin, ga bencin baya da gurbin mutum ɗaya wanda tuni na kusa suka baje a ciki. Yaya ya tsaya yana juya kai daga wannan baki zuwa wancan. Ya daɗe a haka.

Ya ce, “Altine, abu ɗaya suke faɗa.”

Na ce, “To da me za su faɗa?”

“Dukkansu abu ɗaya suke faɗa, da baki ɗaya.” Muryarsa ta yi ƙasa. “A wurinmu ba haka ba ne. Hayaniya ce, amma kowa allonsa daban, kowa inda ya kai yake karantawa. Malam yana zaune, sai ya kira ka, ka zo ka durƙusa gabansa ka biya masa kai kaɗai. In bai ji daga bakinka ba, ba za ka wanke allo ba. Ko da ido rufe ya san muryar kowa.” Ya dafa ginshiƙin. “Na manta da wannan, Altine. Amon kaɗai na riƙe.”

Mai Agogo ya shigo yana haki, daga wani gidan yake. Yaya ya tambaye shi da guntun Fotugis ɗinsa, yaushe yake kiran yara ɗaya ɗaya ya saurare su. Mutumin bai yi fushi ba. Ya dubi ɗakin, ya yi tari, ya ce shi kaɗai ne, in ya ce zai saurari kowa shekara za ta ƙare bai kai benci na uku ba. Maganar shaida kuwa, ya ce ba zai iya rantsuwa cewa yaro yana ci gaba ba alhali gari guda ya ga ya faɗi. Ya duba agogonsa, ya ce mu yi haƙuri.

A wata tsohuwar ganuwar soja da ke bakin teku aka tara waɗanda aka kama kafin jirgi ya zo. Na soya ƙosai na ƙulle a ganye muka tafi da hantsi. Ba a barin kowa ya shiga. Mai gadi ya karɓi ƙunshin ya ce zai ba shi, ban sani ba ko ya bayar. Muka zagaya ta gefen bango inda iyaye mata ke zaune a rana.

Daga ciki ana koya musu umarni. Wani mai kakkausar murya ya faɗa, su kuma su amsa gaba ɗaya, ya sake faɗa su sake amsawa, ƙafafu na dukan ƙasa. Yaya ya manna kunnensa da bangon, kafaɗar nan mai tozo tana gogar dutse. Bai yi lilo ba.

Ya ce, “Kina jin sa?”

Na saurara iyakar iyawata. Na ce, “A'a, Yaya.”

“Ni ma. Can ma ban taɓa jin sa ba. Shekara uku ina tsayawa, ina cewa ga muryarsa nan a ciki. Ban ma san yadda muryarsa take ba in yana karatu, sai ranar nan da ya tsaya gaban mutanen nan.”

Duk maganganun da na tara masa a ciki, na duba fuskarsa na ga babu inda zan ajiye su.

Ya ja da baya ya ɗaga kai sama wurin bakin bango. Ya haɗa tafin hannu a baki. Mutumin da tun ranar suna bai furta sunan nan ba ya buɗe maƙogwaro a gaban matan mutane.

“Isma'ila!”

Matan suka waiwayo. A ciki mai umarni ya faɗa, suka amsa.

“Isma'ila! Ni ne Baba!”

Ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, har mai gadi ya zo ya ce mu matsa. A ciki ba su tsaya ba ko sau ɗaya.

Jirgin ya tashi a makon. Ɗanladi yanzu yana rubutu a ofishin wani ɗan kasuwa, in ya wuce ta Gangare sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambaya ko an ji labari, in ce ba a ji ba. Da sabuwar shekara ta kama, malamin Gidan Shiru ya aiko a ce mana tebur ya samu.

Yaya yana nan yana ɗaukar kujera, da furfura da komai. In mai hawa ya ce a bi ta titin makarantar, sai ya sauke a hankali ya ce a nemi wani. Da yamma yana zuwa ya zauna kusa da kaskona, abin da bai taɓa yi ba da, a daidai dutsen da yaron ke zama. Ba ya cin ƙosan. Sai ya ce, “Altine, faɗa mini abin da Isma'ila yake cewa in ya dawo daga makaranta.” Ni kuma in faɗa masa, ko da jiya na faɗa.